Baffan Mijina Aka Ba Ni In Yi Wa Gyara

Assalamu alaikum Edita. Ni malamar firamare ce a garin Tambuwal, kuma ina roƙon a sakaya sunana, domin duk mutanen da ke cikin labarin nan suna raye. A lokacin da abin ya faru ina koyar da 'yan aji biyu, ina da 'ya'ya uku da miji mai sayar da hatsi a kasuwa. Ina son aikina ƙwarai, duk da hayaniyar yara da ƙurar alli. Ana cikin haka aka fara raɗe-raɗin za a tantance malamai, duk wanda takardarsa ba ta kai ba a sallame shi. Tawa kuwa ba ta kai ba, ni na sani. Shi ya sa na shiga irin karatun nan da ake yi daga gida ta waya, wanda sai lokacin jarrabawa ake haɗuwa. A raina na ce wannan ai mai sauƙi ne, ina tuƙa tuwo ina karatu.

Cikin darussan akwai na dabarun koyar da ƙananan yara, kuma wanda ya faɗi shi sai ya maimaita shekara. Malamar da ke ɗaukarmu ba mu taɓa ganinta ba, muryarta kawai muka sani. Ta buɗe mana zaure a waya, ta ce an haɗa mu biyu-biyu har ƙarshen zango. Kowane mako mutum zai tura tsarin darasinsa, abokin haɗinsa ya karanta ya rubuta masa gyara a gaban kowa: ya faɗi abin da ya yi kyau, ya faɗi inda aka kauce, ya kawo shawara. Ta ja kunnenmu cewa dole a fara da sunan wanda ake yi wa gyaran, domin da sunan take bincikowa ta ba da maki. Wanda bai tara makin gyara ba kuwa, ba zai zauna jarrabawa ba. Na duba in ga da wa aka haɗa ni, sai wayar ta kusa suɓuce mini. Baffan mijina ne.

Bari in gaya muku ko wane ne shi a wurina. Ƙanin mahaifin mijina ne, shi ya riƙe shi bayan rasuwar uban, kuma shi ya karɓa masa aurena. Hedimasta ne a wata makaranta can wajen Fakku a ƙasar Kebbe, ni ban ma san ya shiga karatun ba. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ya zo, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa in gaida shi, abinci ma sai dai in aika a kai masa zaure. Ɗana na fari sunansa ya ci, don haka ko yaron ban taɓa kiransa da sunan yanka ba. A asibiti in an tambaye ni sunan yaron, kati nake miƙawa su karanta da kansu. To wannan sunan ne aka ce in rubuta da hannuna kowane mako, in biyo bayansa da kurakuran mai shi.

Na nuna wa maigida, ina tsammanin zai taya ni jimami. Bawan Allahn nan ya yi dariya har da riƙe ciki, yana cewa ashe zai ga ranar da zan ja wa Baffa jan biro. Na ce to tun da abin dariya ne, ya je ya yi wa Baffa bayani a nemo mafita. Nan take dariyar ta ɗauke, ya tuna ana jiransa a kasuwa. Shi ma ai ko hula ba ya iya gyarawa a gaban Baffa.

Sai na ɓullo da dabarar da na ga kamar za ta fisshe ni. In Baffa ya turo aikinsa, sai in rubuta masha Allah, Allah ya ƙara basira, Allah ya ja kwana, babu suna babu gyara. Ba ni kaɗai ba, yawancin 'yan zauren haka suke yi wa duk wanda ya girme su. Malama ta turo saƙon murya ta ce addu'a abu ce mai kyau, amma ba ita aka ce a kawo ba, kuma ba ta da maki. Na bi ta gefe na yi mata bayanin tsakanina da shi. Ta saurare ni da mutunci, ta ce ta fahimta, sai dai haɗin daga makaranta ya zo, ba ta da ikon sauya shi a tsakiyar zango. Ta ƙara da cewa in daure, a cikin aji kowa ɗalibi ne. Na yi mata godiya, amma a raina na ce ita ba za ta je Fakku gaisuwar Sallah ba.

Shi kuwa Baffa bai taɓa fashi ba. Garinsu sabis na wahala, sai ya fito inda ake samu sannan saƙonninsa su shigo a jere. Zai rubuta sunana cikakke kamar yadda aka ce, sannan ya bi aikina layi-layi. Ya ce darasina ya yi wa yaran da suka fito gida ba karin kumallo tsawo. Ya ce na cika lissafa kayan aikin da makarantar ƙauye ba ta taɓa gani ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma aikina ya yi ta kyau saboda shi. Abin da ya fi cin raina shi ne, ni ma ina ganin inda nasa ya kauce tun makon farko. Rubutunsa tsaf, tsarinsa tsaf, amma daga farkon darasi har ƙarshe malami ne ke magana, yara sai dai su amsa. Alhali duk abin da malama ke nanatawa shi ne a bar yara su yi da hannunsu. Ina gani tana rage masa maki, na san dalili, na san maganin abin, amma abin da nake rubuta masa masha Allah.

Da zango ya raba tsakiya, malama ta ambaci sunayen waɗanda in ba su gyara ba, ba za su shiga ɗakin jarrabawa ba. Nawa ne na farko. Na zauna na auna abin ta kowace fuska, na ga ba zan iya ba. Na gwammace in rasa aikin da a ce a dangin mijina wance ta yi karatu ta fetsare, har tana kama sunan Baffa tana nuna masa kuskure a gaban jama'a. Na daina buɗe zauren. In na shiga aji na dubi yaran nan sai in ji kamar bankwana nake yi da su, hawaye su cika mini ido in juya ga allo. Har na fara tambayar maƙwabciyata yadda take haɗa awarar sayarwa. Wallahi na yi kuka a kwanakin nan, irin kukan da mutum ba ya iya gaya wa kowa dalilinsa don kada a ce abin bai kai ba.

Wata rana bayan azahar, ana tsakiyar damina, sai ga Baffa a kan babur, ƙafar wandonsa duk laka. Ya sauka a zaure kamar kullum. Na je na durƙusa na gaida shi, ya amsa kamar kullum, na aika da fura na koma bayan katanga ina tsintar shinkafa. Baffa mutum ne mai magana a hankali, amma ranar sai na ji ya ɗaga murya yadda ko ina ɗaki zan ji. Ya ce wa maigida ƙara ya kawo. Wai a wurin karatunsu an haɗa shi da wata ɗaliba 'yar nan Tambuwal da ke cutarsa, shi yana ɓata idonsa a kan aikinta, ita kuwa sai ta sallame shi da masha Allah. Ya ce addu'a kam kullum yana samu a masallaci, gyara ne ba shi da mai yi masa. Ya tambayi maigida, in ɗiya ta ga tsohonta ya sa riga a baibai zai shiga kasuwa, ta sunkuyar da kai ta bar shi ya fita, kunya ta yi masa ko ta kunyata shi? Sannan ya ce in maigida ya san gidan ɗalibar nan, ya gaya mata ba roƙo yake yi ba, uba ne ke ba ta umurni. Ina jin maigida yana ta to Baffa, to Baffa, muryarsa na rawa don danne dariya. Ni kuwa hawayena cikin shinkafar suke zuba.

Bai bar garin ba sai da ya yi amfani da sabis ɗinmu ya rubuta a zauren karatunmu na waya, inda kowa zai gani, har da ƙananan malaman da ke aiki a ƙarƙashinsa. Ya gaya wa malama cewa a wurinmu ɗiya ba ta kama sunan ubanta, kuma abokiyar haɗinsa ɗiyarsa ce. Ya roƙa a karɓi kalmar Baffa a matsayin sunansa in daga gare ni ne, malama ta riƙa bincikowa da shi. Ya rufe da cewa ya umurce ni in gyara masa aiki, duk makon da ban yi ba na saɓa masa. Malama ta amince, har ta ba ni dama in rama makonnin da na rasa. Da haka ya juya mini abin gaba ɗaya. Jiya yin magana ne rashin kunya, yau yin shiru ne rashin biyayya.

Gyarana na farko abin dariya ne. Na gaida shi, na tambayi iyali, na tambayi damina da gona, na nemi afuwa, na sake neman afuwa, sannan can ƙasa na maƙala abin da nake son faɗi cikin layi biyu. Na ce da zai raba wa yara tsakuwa su ƙirga da kansu, da darasin ya fi zama. Amsarsa ta zo cewa gaisuwa ta iso, amma sai da ya sha nema kafin ya gano gyaran a cikinta, gaba in fara da shi. Kuma bai yarda da ni ba. Ya ce ajinsu cike yake maƙil, in ya raba tsakuwa kafin a tashi an fasa wa wani goshi. Ban san lokacin da na mayar masa da cewa a yanka karan dawa gajeru a yi da su ba. Sai da na tura na tuna da wa nake musu. Ya gwada, ya dawo ya shaida wa zaure cewa abin ya yi, illa dai shara ta ƙaru. Daga nan muka ɗore, yana gyara mini ina gyara masa, wani lokaci ya karɓa wani lokaci ya kafe. Sauran 'yan zauren ma da suka ga hedimasta da kansa na neman a gyara masa, sai masha Allah ta ragu, aka shiga aiki.

Mun zauna jarrabawa ɗaki ɗaya, na nemi kujerar da ta fi nisa da tasa, ban ɗaga kai ba har aka tashi. Mu duka mun ci. Da tantancewar ta zo na miƙa takardata, aka bar ni a ajina, kuma har yau ina nan da yarana. Sai da muka je gaisuwar Sallah matarsa ta ja ni ɗaki ta ba ni sauran labarin. Ta ce ranar da malama ta ambaci sunana ko abinci bai ci ba. Ta ce bayan abin da ya rubuta, abokansa sun daɗe suna yi masa tsiya a majalisa, wai matar ɗansa ce ke koya masa aiki. Amsarsa ɗaya ce, shi bai ga abin da ya ragu a jikinsa ba, kuma ba zai zauna ɗiyarsa ta rasa abincinta saboda girmansa ba.

Abin da na koya shi ne, yabon da ba gyara a cikinsa ba kullum ne ladabi ba, wani lokaci barin mutum ne ya faɗi kana kallo. 'Yan uwana masu irin wannan karatu, in kun shiga matsi kada ku yi irin nawa, ku shige ɗaki ku yanke wa kanku hukunci. Ku faɗa da wuri, ku nemi wanda zai isar muku, domin sau da yawa wanda kuke jin nauyi ya fi ku son ku tsira. Ku kuma manya, ku sani ƙaramin da ya yi shiru a gabanku ba lallai ba shi da abin faɗi ba ne. Ba zai iya buɗe ƙofar daga wajensa ba, sai ku kun buɗe masa.

Har gobe in Baffa ya zo ina tuɓe takalmi in durƙusa, ban haɗa ido da shi, kuma ɗana har yanzu da laƙabi nake kiransa. Sunan nan da na kasa rubutawa har na kusa rasa aikina, ban taɓa furta shi a gaban mutum ba. Amma yanzu kullum ina faɗinsa cikakke, shi da na mahaifinsa, in na ɗaga hannu bayan salla, inda ba mai ji sai Allah.