Takardun Kakana a Cikin Kwalba

Shekarar da babur ya kayar da ni a hanyar Kurfi, ƙafata ta karye wuri biyu, na yi karatun da ban taɓa yin irinsa ba. Ba ƙwazo ba ne. Mutumin da mai ɗori ya ɗaure wa ƙafa ya ce kada ya motsa, in bai yi karatu ba sai dai ya ƙirga azarar ɗaki, ni kuwa na ƙirga tawa har na gaji.

Abokan aikina na firamare a nan Dutsin-Ma su suka fara kawo mini littattafai, irin waɗanda ke koya wa mutum yadda zai yi arziki kafin damina. Kowanne da hoton wani ƙato cikin kwat yana washe baki. Na duba masu kawowa, na duba takalmansu, ban ga alamar abin ya ci ba. Biyu na yi fifita da su, ɗaya na tokare ƙafar gado.

Littattafan kirki daga Birchi suka zo, daga wurin Kawu, wan mahaifiyata, tsohon malamin gona. Duk ranar kasuwa sai direban da ke ɗauko hatsi ya sauke mini ƙulli a ƙofar gida. Akwai wani kan kiwon zuma, gara ta cinye bangonsa, wanda sau uku na karanta shi alhali ko amya ɗaya ban da ita. Akwai na taurari. Akwai na tarihin rijiyoyi da yadda mutanen da suke gane inda ruwa yake kwance, wannan har matata na karanta wa tana tsintar wake. Na karanta labarai na ƙasashen da ban san ta inda ake zuwansu ba, wasu sun yi daɗi, wasu marubutansu surutu ne kawai ya yi musu yawa. Amma duk cikinsu babu wanda ya kama ƙafar wanda ya zo a wata na bakwai.

A tsohuwar gafaka ya zo, takardu ne a warware, rubutun hannu da ajami. Kakana ne ya rubuta, mahaifin Kawu, wanda ya yi fatauci da jakuna har Maraɗi da gaba. Babu wa'azi a ciki, babu addu'a in ban da bisimillar farko. Labarin hanya ne zalla. Jakin da ke kwanciya duk inda ya ga yashi. Mai masaukin da ke auna musu tuwo kamar magani, wanda Kaka ya ɓata shafi biyu yana zaginsa, zagi mai kyau, na mutumin da ya san Hausa. Na yi dariya har ɗorin ya motsa. Ban taɓa ganin Kaka ba, amma a watan nan na san shi fiye da mutanen da nake gaisawa da su kullum.

Rabin takardun kawai Kawu ya aiko. Ya ce wa direba a faɗa mini in na dawo da wannan da ƙafata zai ba ni sauran. Inda rabin ya tsaya kuwa, Kaka na bakin wata rijiya, ya roƙi wata yarinya ruwa ta hana shi, ta shayar da jakinsa. Na san yarinyar nan ita ce kakata. Yadda aka yi daga hana ruwa aka kai ga aure, shi ne abin da ya ɗaga ni daga kan gado.

Ranar da na fara takawa da sanda na hau mota zuwa Birchi na mayar da amana. Na tarar da Kawu kwance, ba ya ko gane mutane. Na miƙa gafakar ga babban ɗansa, Alhaji, mai sayar da hatsi. Bayan kwana tara Allah ya yi wa Kawu rasuwa.

Da aka zo rabon gado na je, ko da yake ɗan 'yar'uwa ba shi da ko allura a ciki. Gonaki da shanu ba su dame ni ba. An fito da littattafan boko a buhu biyu, ba wanda ya ko kalle su, aka ce in kwashe. Sai aka fito da gafaka, rabin da na karanta da rabin da ban karanta ba. 'Ya'yan Kawu maza huɗu suka gyara zama, har da mai cire hula ya mayar.

Ashe tun suna yara suke jin cewa Kaka na da asirin kasuwa a rubuce, shi ya sa jakunansa suka yi albarka. Ga shi kuma da haruffan Larabci. Dukkansu sun yi makarantar allo, da ɗayansu ya daure ya haɗa baƙi da wasali na layi ɗaya da ya ji ana maganar jaki. Amma wai wanda ya karanta asiri ba da izini ba haukacewa yake yi. Manyan mutane, masu gemu, masu waya biyu-biyu a aljihu, suna riƙe takarda nesa da ido kamar garwashi.

Na ce, "Yaya Alhaji, wallahi labari ne. Labarin tafiye-tafiyen Kaka ne da jakunansa. Ku ba ni aro in kwafe, in dawo muku da abinku."

Aka kwashe da dariya. Ni ɗan mace ne, su 'ya'yan namiji, taubasai muke, tun muna yara ba mu taɓa faɗa wa juna magana ta gaskiya ba tare da tsiya a ciki ba. Alhaji ya share hawayen dariya ya ce, "Kai ɗan mace, mi ka ɗauke mu? Ka kwafe asirin ka bar mu da takarda?"

Na ce a ba ni shafi ɗaya in karanta a gabansu. Na biyunsu ya ce a'a, kada in ɗebe albarkar a bainar jama'a. Sannan ya nuna ƙafata ya ce, "Kai da aka ce ba za ka ƙara takawa ba, takardun nan suka kwana ɗakinka wata uku, ga ka nan tsaye. Mu za ka yi wa wayo?"

Wato warkewata ma ta zama shaida a kaina. Mai ɗorin da ya sha wahala da ni bai samu ko sannu ba. Na rantse, na sake rantsewa, kowace rantsuwa tana ƙara musu tabbaci cewa abin babba ne. Ban taɓa jin na raina mutane irin ranar nan ba, kuma jinina ne.

Suka raba takardun yadda ake raba goro a wurin suna, ɗaya kai, ɗaya kai, ba ruwansu da wanne ke bin wanne. Don kada a zalunci kowa har cakuɗa su aka yi tukuna. Ina zaune ina kallo, sandata a kan cinya.

Alhaji ya kai nasa wurin baduku aka ɗinke su layu. Suna nan rataye a saman ƙofar shagonsa a kasuwa, duk wanda ya shiga sayen masara sai ya bi ta ƙarƙashinsu. Ina kyautata zaton zagin mai masaukin nan na cikin ɗaya, kuma ya sami wurin da ya dace da shi. Biyu suka ɓoye nasu, har yau ko gaisuwa na yi musu sai su dafe aljihu.

Autansu, wanda ya fi su tausayi kuma bai fi su hankali ba, shi ya zo har gidana bayan mako biyu. Ya zaro kwalba daga aljihu, ruwa baƙi-baƙi a ciki. Ya ce ya wanke nasa kason ya sha da iyalinsa, amma ya tuna ni ne na fi kowa son takardun nan, bai kamata a bar ni haka ba.

Na ce, "Duka ka wanke?"

Ya ce, "Tas, Yaya. Tawadar mutanen da ce, ba ta gardama. Ka sha rabi, ka shafa rabi a ƙafar."

Yana tsaye yana jiran godiya, na kuwa yi masa, don ban ga abin da zagi zai dawo da shi ba.

Ban sha ba, ban zubar ba. Tana nan kan kantar littattafai tsakanin littafin zuma da na taurari. Wani lokaci in ɗaga ta a hasken taga in ga baƙin ya kwanta a gindi. Mahaifiyata ta rasu tun kafin haɗarin, Kawu ya bi ta, babu sauran wanda zan tambaya. Kaka yana nan bakin rijiya da ƙishirwa, yarinyar tana shayar da jaki.