Ƙurajen da Mbarka Ta Yi wa Guɗa

Duk asibitin garin babu wanda bai san Mbarka ba, ma'aikaciyar jinya a ɗakin yara, mai murya kamar ta masu tallan kifi a bakin tekun garinsu, Mahadiya. Yaron da ya ƙi haɗiyar ƙwaya, sai ta murƙushe ta a cokali da babban yatsa, ta cuɗa da zuma, kafin ya wage baki ya yi kuka har magani ya wuce. Haka ta yi shekara da shekaru, safar hannu ko oho.

Sai hannuwan suka yi tawaye: ƙaiƙayi, ƙuraje, tsagewa, har riƙe allura ya gagara. Shugabarta ta duba ta taɓe baki.

"Ƙunshin lalle ne da wanke-wanke, Mbarka. Ciwon gida ne, ba na aiki ba. In ba za ki iya ba, ki ajiye."

Ajiyewa kuwa ita ce tafiya babu albashi babu diyya, ga 'ya'ya a makaranta. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ɗauki hutu ta tafi ƙauye tsinkar zaitun, kamar yadda danginta suka saba kowace shekara.

Can ta wuni tana karce rassa, tana wanke tukwanen kuskus na gayya guda, surukarta har lalle ta ƙunsa mata, amma hannuwa suka warke sumul! Dawowarta aiki ke da wuya suka koma gidan jiya.

Da gudu ta faɗa ofishin likitan ma'aikata, Dakta Munsif.

"Likita, duba! Zaitun bai ci ni ba, lalle bai ci ni ba, sai ƙwayarku!"

"Baiwar Allah, zauna ki numfasa tukuna."

Ya manna mata filastoci a baya, kowanne da ɗigon magani daban don a gano wanda ke cin ta, ya ce kada ruwa ya taɓa. Abin ya faɗo daidai da wankan amarya na 'yar ƙanwarta. Mata na ciki suna shan tururi, ita tana ƙofar gidan wanka.

"Mbarka, gadin takalma kika koma?"

"Ku yi ta dariya, ni bayana aiki yake yi!"

Bayan nata na ƙaiƙayi, ita tana roƙon Allah ya ƙara.

Da aka ɓare filastocin, wuri ɗaya ya kumbura jajir, daidai inda aka ɗiga maganin da take murƙushe wa yara. Mbarka ta leƙa madubi ta rangaɗa guɗa, har masu jiran layi suka zaci haihuwa aka yi.

"Ciwon aiki ne," in ji likita. "Diyyarki za ta fito, aikinki na nan. Sai dai ɗakin yara kin gama da shi, ko ƙurar maganin nan ba ki kusanta."

Guɗar ta tsaya mata a wuya.

Yanzu tana tagar karɓar marasa lafiya, hannu lumui, murya na nan yadda take. Amma da zarar yaro ya tsala kuka daga can ciki, sai ka ga babban yatsanta yana murza tebur.