Ƙafar Mai Aski

Mai askin layinmu, Soja ake ce masa, alhali ko bindigar roba bai taɓa riƙewa ba. Tsayuwa ce ta ja masa sunan. Tun yana saurayi yake aski a shagon nan mai madubi tsagagge, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganin ya zauna. A wurinsa, mai askin da ya zauna ya gama yawo, sai ya ba yara kilifa.

Jijiyoyin ƙafarsa sun daɗe da fitowa, sun murɗe kamar igiyar shanya. Da yamma ƙafar ta yi nauyi, ta yi ƙaiƙayi. Matarsa ta yi magana har ta gaji.

"Baban yara, ka je a duba ƙafar nan."

"Ƙafar da ke ciyar da ke? Ƙyale ta."

Wata safiya ya tashi sharaɓarsa ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, taka ta ma aiki ne. Ya ɗingisa zuwa shago. Mai faci, maƙwabcinsa, ya leƙo ya ce, "Kai, wannan taya ta sha iska! Sayo man zafi in murje maka ita yanzu."

Soja ya yarda. Ya tsallaka wurin wata mata mai kemis, ya ɗage wando don a ba shi man da ya dace. Matar ta duba ƙafar, ta mayar da man da ta ɗauko inda yake.

"Baba, ba zan sayar maka ba. Ƙafa ɗaya ta kumbura haka, zai iya zama jini ne ya daskare a ciki. Aka murza, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, shi ke nan. Asibiti, yanzu."

Da ya koma ya faɗa wa mai faci, nan take mai facin ya miƙe. Shi ya kai shi asibiti a babur, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko ƙwai.

Aka yi hoton ƙafar, ga gudan jinin kuwa. Likita ya ɗora shi kan maganin tsinka jini na watanni, da doguwar safa mai matse ƙafa. Ya ce ya daina tsayuwa wuri ɗaya, ya riƙa zagayawa, in ya huta ya ɗaga ƙafar. Ya kuma yi hankali da reza, don in ya yanke jinin zai daɗe bai tsaya ba.

"Likita, to askin fa?"

"Ka yi shi a zaune. Ko ka bar shi."

Soja ya kwana biyu a gida yana kumbure-kumbure. Barin aski ba zai yiwu ba, ba shi da wata sana'a. Sai matarsa ta sa kafinta ya haɗa doguwar kujera, aka kai shago.

Ranar da ya buɗe, mai faci ne ya fara zama a gaban madubi.

"Safar hajiya ka aro?"

"Rufe min baki."

Ya fara askin a tsaye. Kafin ya gama gefe ɗaya ƙafar ta soma yi masa magana. Ya dubi ƙofa, ba kowa. Ya jawo kujerar da ƙafa, ya hau.

"Wallahi in ka faɗa wa mutane, haka zan bar maka kan nan rabi da rabi."

"Ai ƙofa a buɗe take, Soja."

"To sunkuya," in ji shi, ya kunna kilifa.