Garuruwan da Aka Ce Babu Keken Ɗinki

Na bar Tasawa ƙarfe biyar da rabi na asuba, ƴan shekaru bayan samun mulkin kai, ana tsakiyar cinikin gyaɗa. Gyaran keken ɗinki na koyo a Damagaram, na dawo gida na kafa rumfa, na yi wata biyar ina korar ƙuda. Yayana Sani, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya gaji. Ya ce in gyaɗa ta ƙare ban samu aiki ba, in sayar da akwatin kayan aikina in bi shi gona. Ni kuwa gara a cire mini haƙori da in rabu da akwatin nan.

Wani abokina da ke aikin ofis ya ce laifina ne, ba wanda ya san da ni. Ya buga mini takardun talla da Faransanci, wai don a ga girmana. Ya ara mini rigar kaki, ya ba ni littafi in rubuta sunayen teloli. Da wannan shiri na fita.

Rana ta farko: Urafane

Motar gyaɗa na shiga, babu kaya, za ta ɗauko buhuna. A bakin gari jandarma ya tsai da mu, ya dubi kakina da takarduna, ya sara mini. Na ji daɗi har kunne, wautata ke nan. Tafiyar ba ta fi kilomita arba'in ba, amma sau biyu muna kafewa a rairayi muna turawa. Sai sha ɗaya muka isa, ranar kasuwa.

Na buɗe littafina a tsakiyar kasuwa na ce, "Su wa ke da keken ɗinki a garin nan?"

Wani mutum mai sabuwar riga, zaren keke na reto a wuyanta, ya ce, "Mushe," wato yallaɓai da Faransanci, "mu nan da allura mukai ɗunki."

Na rarraba takarduna, kowa ya karɓa da hannu biyu, ba wanda ya tambayi abin da ke ciki. Maigari ya sauke ni, aka yanka mini kaza, aka kawo tuwon hatsi da fura. Sau uku yana tambayata yaushe zan wuce. Na kwanta ciki cike, littafi babu suna ko ɗaya.

Rana ta biyu: El Alasan Mairairai

Babu mota, sai raƙumi. Mun tashi ƙarfe shida, muka sauka bayan azahar, bayana kamar an daka shi a turmi. Ƙarƙashin wata bishiya na tarar da tebura huɗu, ga tabon mai, ga ƙyallaye a ƙasa, babu keke. Na tambaya, aka ce telolin sun yi ƙaura. Duka huɗun, rana ɗaya! Nan na ji gajiya ta gaske, ba ta raƙumi ba. Na fara tunanin fartanya.

An kai ni zauren wani tsoho, Baba Ɗan-Tani. Bayan la'asar na tuɓe kakin na wanke don ya yi tsami, na zauna da ƴar shara ina goge ƙarafana, tun da babu abin yi. Tsohon ya daɗe yana kallona.

"Ɗana, wanga kayan mi ne?"

"Na gyaran keke ne, Baba."

"Gyara? Ba kai ne mai rubuta kekuna don a aza muna lanho ba?"

Lanho, wato harajin gwamnati. Ashe tun jiya mai doki ya zo daga Urafane da labari: ga ma'aikaci nan da kaki da littafi, kowa ya ɓoye nashi.

Baba Ɗan-Tani bai yi dariya ba. Ya ɗauki fartanya ya ja ni bayan rumbu, ya haƙa. Kekensa ne cikin buhun gyaɗa, buhun kuwa duk huji. Ya juya hannun keken, muka ji ƙarar rairayi a ciki. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Shi ka ciyad da gidanga."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Rana ta uku

Tun hantsi na kwance keken gutsure-gutsure a kan tabarma, ina wankewa da kananzir. Kafin azahar telolin da suka yi ƙaura sun dawo daga bayan gidajensu, kowa da keke a ka. Har magariba ban miƙe ba sai don salla. Uku sun tashi sumul. Na tsohon ya yi ɗinki, amma da wata ƴar ƙara da na kasa cirewa.

Rana ta huɗu: gida

Raƙumi zuwa Urafane, motar gyaɗa zuwa Tasawa, a kan buhuna, kakin a naɗe cikin jaka. Ƙarfe biyar na yamma na sauka. Korgom da na yi niyyar zuwa, na yafe ta. Na gode wa Allah da ya kawo ni, na gode wa matata Hajara da ta gasa mini baya ba ta tambaye ni komai ba.

Bayan kwana biyu jakuna suka fara tsayawa a bakin rumfata da kekunan Urafane, ana cigiyar Mai Lanho. Sunan ya bi ni har yau, na cikin takardar tallar ba wanda ya taɓa kirana da shi.

Yaya Sani ya zo ya tsaya yana kallon jakunan, ya ce, "Ashe tallar ta ci. Riƙe akwatinka."

Na ce, "Ta ci, Yaya."

Ban gaya masa ni na sa aka binne kekunan ba. Shekara shida ina komawa wurin Baba Ɗan-Tani duk kaka da kwalbar mai, har ya rasu, ƙarar nan ba ta fita ba.