Ƙarfen Saitin da Yaya Haladu Ya Sauya a Landan

Shekara ashirin ke nan da muka kai Yaya Haladu makwancinsa. Har yau idan na ga motar bas ta karyo kwana a unguwarmu ta Peckham a Landan, sai in ji bakina yana karanta lambarta a fili, kamar yana tsaye kusa da ni.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ɗan sanda. A shekarun da kuɗin fetur suka fara ambaliya, lokacin da gwamnati ke tura mutane kwas Ingila kamar ana aiken yaro kasuwa, aka turo shi Landan ya ƙware a harbi da ƙaramar bindiga. Ni ina karatu a unguwar Bloomsbury, sai muka haɗa ɗaki. Idan ya ci jarrabawar ƙarshe, zai koma gida da ƙarin girma, ya shugabanci masu ɗaukar makami. Duk danginmu sun zuba ido.

Tun makonnin farko harsashinsa ya riƙa kauce wa tsakiyar allo. Yaya ya ce laifin ƙarfen saiti ne, wato ɗan tsinin nan da ke kan bakin bindiga, wanda mai harbi ke daidaita idonsa da shi. Ya ce ya karkace. Mutum ne da bai taɓa kuskure a filin harbi na gida ba, don haka ba wanda ya musa.

Ni kuwa na riga na lura da wani abu. Yakan zuba shayi ya sami gefen kofi. A tasha sai bas ta zo dab da mu sannan ya motsa. Amma a gidanmu ƙani ba ya duban wansa ya ce masa ya gaza. Abin da na iya kawai, duk bas ɗin da ta taho sai in faɗi lambarta da ƙarfi, kamar mai magana da kansa. Bai taɓa tanka mini ba, bai kuma taɓa hana ni ba.

Ya nemi izini aka kai bindigar wurin mai gyara, wani dattijon Bature, na raka shi. Mutumin ya cire tsohon ƙarfen, ya sa sabo, ya gwada, sannan ya miƙo wa Yaya tsohon a tafin hannu. Ya ce ya sauya tunda an ce ya sauya, amma shi bai ga aibun na farkon ba. Yaya ya koma fili da sabon saiti, harsashi ya sake kaucewa. Daga baya likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Wani abokin kwas ɗinsa ya zo har ɗakinmu yana lallashi. Ya ce, “Haladu, ka yi manage ka wuce test ɗin nan. A gida wa zai duba idonka?” Gaskiya ya faɗa, ba mai dubawa, kuma makin Yaya zai iya kai shi da ƙyar. Ni ma a raina haka na so, domin na san bakunan da ke jiran albashin nan. Washegari Yaya ya je ya gaya wa malamansa da bakinsa. Ya koma gida ba girma, aka ba shi tebur a ofis, a nan ya ƙare aiki. Wasu 'yan uwa sun daɗe ba su yafe masa ba.

Yanzu kasuwar Rye Lane ta nan Peckham cike take da daddawa da kuka, abin da a zamaninmu sai an aiko mana daga gida. Da yana raye, da ya yi dariya. Amma ban san yadda zan ba shi labarin ƙauyukanmu ba, inda bindiga ta koma hannun duk wanda ya ga dama, ana buɗe wuta a kasuwa ba a ma tambayi sunan wanda ya faɗi ba. A nan Ingila an hana mutane riƙe irin bindigar da ya zo koyo, mu kuma namu sun fi ta girma. Wani lokaci nakan gode wa Allah da ya ɗauke shi bai ji wannan ba.

Bai bar gida mai bene ba, ya kuma rasu ba ya gani ko kaɗan. Tsohon ƙarfen yana wurina, shi ya ba ni ranar da na raka shi filin jirgi. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ba zai yi nadama ba. Ya ce, “Isuhu, na ji duk lambobin da kake karanta mini. To ranar da na auna ɓarawo a kasuwa, wa zai tsaya kusa da ni ya ce, Yaya, wannan mai tallan gyaɗa ce?”

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.