Iorchia Sau Biyu a Hoto Ɗaya

Badaru na cikin hura wa gilashin kyamara iska yana gogewa da gefen rigarsa, yadda ya saba kowace safiya tun yana saurayi, sai Mwuese ta shigo shagonsa na ɗaukar hoto.

A garin Lafiya an san shi da dogon hoto, irin mai cin bango guda. Yakan kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya juya ta a hankali daga hagu zuwa dama, kowane ɗauka yana ɗan hawa gefen na baya. Sai ya zauna gaban kwamfuta ya ɗinke su, yadda ido ba zai ga bakin ɗinkin ba. Roƙonsa ga jama'a ɗaya ne: kowa ya tsaya inda yake. Bai taɓa sakin hoto mai aibu ba, kuma iyakar abin da ya tara a duniya ke nan.

Bayan girbin doya aka kai shi wani ƙauye a Doma ya ɗauki hoton zuriyar tsoho Iorchia, mahaifin Mwuese. Kyamara ta wuce tsohon a kujerarsa ta hagu, fuska a ɗaure. Kafin ta kai dama, wani suruki ya iso a makare, Iorchia kuwa ba ya barin baƙo a tsaye babu gaisuwa. Ya tashi ya zagaya ta bayan mutane. Kyamara ta sake riskarsa a can, yana dariya, hannunsa a kafaɗar baƙon.

Kafin a buga hoton tsohon ya rasu. Ba shi da wani hoton a duniya.

Yanzu a shagon, Badaru ya juyo wa Mwuese da allon kwamfutar. "'Yata, ga babanki sau biyu. Zaɓi ɗaya, in share ɗayan."

Mwuese ta daɗe tana kallo, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Wannan na kujera shi ne na coci," in ji ta. "Wancan kuma na gida. Baba, wanne zan ce ka kashe?"

"Za a ce Badaru ya tsufa, ido ya tafi."

"Su faɗa mana. Ai ka tsufa ɗin."

Bai yi dariya ba. Ya dubi tsohon mai zama, ya dubi mai gaisuwa. Ya janye hannunsa daga kan abin sharewa, ya tura hoton injin bugawa yadda yake. Takarda ta fara fitowa a hankali, kujerar ce a gaba.

Bai jira gefen dama ya fito ba. Ya rataya kyamararsa a wuya, ya ɗaga labule ya fita.