Layin Ƙarshe a Allon Garba Majigi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Garba, wanda mutanen Jega suka fi sani da Garba Majigi. Ya rasu a tsakiyar bazara, ya bar wani aiki bai ƙarasa ba, kuma ni ya bar wa. Sai bana na ƙarasa shi, shi ma ba da kyau ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda waɗanda suka fi ni karatu, waɗanda suka zauna a bencinsa suna samari yau suke hawa manyan motoci, duk sun yi shiru. Ni aji uku na yi a sakandare na gudo. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Garba mai gyaran rediyo ne, manomi ne kuma kamar kowa. Amma da zarar an cire albasa an zuba a buhu, gari ya ɗauki zafi, hannun mutane ya rasa aikin yi, sai ya buɗe gidan kallonsa. Rumfa ce ta kwano a bayan kasuwa. Ya shimfiɗa kara a saman kwanon don rage zafi, ya shafe bango ɗaya da farar ƙasa, ya toshe duk inda haske ke shigowa da tsofaffin buhuna. Kafin mutane su shigo sai ya yayyafa wa zanar da ke kewaye ruwa. Wanda ya shiga zai ji sanyin jiƙaƙƙiyar zana da warin albasa, har yau hancina bai manta ba. Ana farawa bayan la'asar. Ladan na gyara murya don magariba zai kashe inji, ko da mutumin cikin fim yana rataye a bakin rijiya. Sai gobe.

Abin da ya raba shi da sauran masu gidan kallo shi ne irin finafinan da yake sawa. Ba na duka ba, ba na rawa ba. Direbobin manyan motoci yake roƙo, masu zuwa Ikko da Yamai da Kwatano, ya ce su tambayi masu sayar da faifai waɗanda suka daɗe ba wanda ya taya. Su yake so. Sai a kawo masa na Mali, na Farisa, na wasu ƙasashen da ƙanƙara ke rufe ƙofar gida. Bai jin yarensu ko ɗaya. Turancin da ake rubutawa a ƙasa ma kafin ya haɗa baƙi biyu ya wuce. Sai ya kalli kowane fim sau uku shi kaɗai. Na farko da murya. Na biyu ya kashe muryar, fuskoki kawai yake duba. Na uku da littafi da biro a hannu. Ranar nunawa ya tsaya gefen bango da guntun kara, yana ba da labarin a hankali, inda ya ga fuska ta isa sai ya yi shiru ya bar mutane da ita.

Yana da wani baƙin allo da ya rataye a bakin ƙofa, mai layi tara, mako tara na bazara. Tun ranar buɗewa yake rubuta tsarin duka da alli, da sunayen da shi ya raɗa musu: Mai Jaki da Surukinsa, Matar da Ta Ƙi Sayar da Rijiya, irin waɗannan. Fim ɗaya a mako. A nuna shi a Jega, ranar Talata ya naɗe majigin a bargo ya ɗaure a bayan babur ya kai Aliero, ranar Alhamis Maiyama. Kuma ba haka kawai yake jera su ba. Makonnin farko na dariya, don mutane sun fito daga wahalar albasa, baya na ciwo. Tsakiya, lokacin da zafi ya kai maƙura, rai ya yi gajere, ake saki da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai ya sa masu sanyi, masu tafiya a hankali, teku da duwatsu da mutane cikin manyan riguna. Can wajen ƙarshe sai na matafiya masu komawa gida, don 'yan cin rani su ji labari su tuna da gona.

Ni ban gane ba a lokacin, kuma ban ɓoye masa ba. Wata rana a Aliero na leƙa na ga rabin benci na gyangyaɗi, na ce masa, "Yaya, mutanen ga kwana sukai. Ka sa musu na faɗa mana."

Ya ce, "Bar su, Sani. Wanda yay yi kwana nan bai zagi matatai gida ba."

Limamin unguwarmu ma ya taɓa aiko a kira shi, don an kai ƙara wai yana tara samari. Garba bai yi gardama ba, ya ce Malam ya zo ya gani da idonsa. Malam ya zo, aka ba shi kujera, ya zauna tun daga la'asar yana kallon wani tsoho yana hawa dutse da tulu. Da aka tashi ya gyara rawani ya ce, "Garba, wanga ba kallo ba ne, koyon haƙuri ne. Ci gaba." Daga ranar ba a sake maganar ba.

Layi na tara shi ne zancen. Shi kaɗai yake bari fari. Ba ya cika shi sai ranar da ya fito da safe ya ji ƙanshin ruwa a iska, kuma koyaushe fim ne da ruwan sama ke sauka a cikinsa. A nuna shi sau ɗaya a kowane gari, sannan ya sa kwaɗo ya rufe rumfar sai baɗi. Ya ce haramun ne a wurinsa ƙasa ta jiƙe mutum yana zaune a bencinsa. Hancinsa bai cika kuskure ba, kwana biyu ko uku ruwa zai sauka. Har ta kai manoma na aiko a duba musu allon. Akwai wani dattijo daga Dangamaji, Baba Ɗan'ige, shi da kansa yake zuwa. Bai iya karatun boko ba, amma ya san layin ƙasa. In ya ga fari ya juya. In ya ga rubutu ya wuce wurin maƙeri a gyara masa kalmensa na noma.

Shekarar da ya rasu an nuna layi shida. Ciwon kwana huɗu ya yi. A rana ta uku ya riƙe hannuna ya ce, "In ka ji ƙanshin ruwa, ka cika layin, ka rufe ƙofa." Na ce to. Ban yi ko ɗaya ba.

Zan faɗi abin da na yi, don ba ni da wanda nake jin tsoro. Na sa layi na bakwai da na takwas ba mai ba da labari, mutane suka watse. Sai na sayo tauraron ɗan Adam na kafa a kan kwanon, na mai da wurin gidan ƙwallo. Rumfa ta cika har waje. Ruwa ya sauka ban rufe ba. Shekara goma sha ɗaya ƙofar nan ba ta ga kwaɗo ba. Na sha tsayawa a bakinta da damina, samari na ihu a ciki a kan wasu Turawa da ba su san da zamansu a duniya ba, gonakin iyayensu kuwa ciyawa ta fi gero tsawo. Ina gani, ina karɓar kuɗin masu shiga. Allon kuwa na cire shi na rataye a ɗakina. Duk bazara in allin ya dusashe sai in bi rubutunsa in maimaita, layi takwas, in tsaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yanzu. Kowa da majiginsa a aljihu. Yaro ya kalli abu, kafin ka ƙifta ido ya share da yatsa ya kawo wani, a yini ya ga fuska ɗari bai tsaya a kan ko ɗaya ba. Finafinan da ake fassarawa kuwa, mai fassarar ihu yake yi tun daga farko har ƙarshe, kamar ana binsa da sanda. Ni abin haushi yake ba ni. Amma na san Garba, ba zai zagi kowa ba. Zai karɓi wayar ya juya ta, ya ce to wa ke zaɓa musu? Wa ya san zafi ya yi yawa wannan makon? Damuwarsa ke nan kullum. Bai taɓa cewa fim ɗinsa ya fi na kowa ba. Cewa yake kowane kallo da lokacinsa, kuma dole a samu wanda ya san garin ya tsaya ya jera.

Bana, farkon bazara, 'yarsa Kulu ta zo. Tana koyarwa a firamare a Maiyama, kuma bakin ubanta gare ta, ba ta ɗaga murya. Ta gaishe ni, ta sha ruwa, ta ɗaga kai ta dubi allon.

"Baffa, allon ga za ni tahi da shi."

Na ce, "Ba a gama da shi ba."

"Shekara sha ɗaya?"



Ta ci gaba, "Ko ka cika shi bana, ko in kai shi aji yara su yi lissafi bisa. Allo ne, Baffa. Ba kabari ba ne."

Bayan ta tafi na jawo akwatin faifansa, na kai majigin aka duba, na fara nema. Na gano abin da ban sani ba, cewa zama ya fi dako wuya. Sau nawa ina tashi in fita in dawo. A ƙarshe na samu wani daga wata ƙasa mai duwatsu. Wata mata ce da uban mijinta, mijin ba ya nan, su biyu suna gyaran rufin ɗaki kafin damina. Shi ke nan labarin. Ba sa ko magana sosai. A ƙarshe ruwa ya sauka, rufin ya riƙe, sai wuri ɗaya da ke ɗiga, suka tara kwano suka zauna suna kallonsa. Na kalle shi sau uku yadda Garba yake yi. A na biyun, da na kashe murya, na ji kamar yana tsaye a bayana.

Wata safiya iska ta taso daga gabas, na ce wannan ƙanshin ruwa ne. Na fito da allon na rataye a inda yake dā, na rubuta Masu Gyaran Rufi a layi na tara. Rubutuna a ƙarƙashin nasa kamar kaza ta bi ta kan toka. 'Yan kabu-kabu suka kai labari. Bayan la'asar waɗanda suka zo ba su cika benci uku ba, yawancinsu masu furfura. Kulu ta zo daga Maiyama ta zauna daga baya. Sai ga Baba Ɗan'ige an sauke shi daga babur, ya rankwafa, ido ɗaya ya tafi, ya tsaya gaban allon ya daɗe yana duban layin ƙasa kafin ya shiga.

Na tsaya gefen bango da kara, na fara, na kwaɓa. Inda matar ta miƙa wa tsohon abinci ta kau da kai, na ce to ga shi nan, fushi take yi da shi. Sai na ji muryar Baba Ɗan'ige daga benci.

"Ba hushi ba ne, Sani. Kunya ta kai. Dubi hannunta."

Wani tela daga Aliero ya ce, "Tsohon ma ya sani. Shi as sa bai ɗaga kai ba."

Wani ya ce, "Sani, koma ka zauna, ka tare muna bango."

Aka yi dariya, na zauna. Daga nan su suka ba da labarin, wannan ya faɗi kaɗan, wancan ya gyara, inda fuska ta isa duk su yi shiru tare, ba wanda ya ce musu su yi. Ni da na yi shekaru ina ɗaure masa majigi a babur ban koyi komai ba. Waɗanda nake cewa barci suke yi, su suka koya. Da ruwan cikin fim ya fara ɗiga a kwano ba ka jin motsin kowa. Aka kashe inji kafin ladan.

Na sa kwaɗo. Kulu ta miƙo hannu, ta ɗauka allon zan ba ta, sai na sa mata makullin. Na ce ta tafi da shi Maiyama, kada ta ba ni ko na zo ina kuka, sai an cire albasa. Na san halina.

Ruwa kuwa ya ƙi zuwa. Kwana tara rana na dukan ƙasa. Ana cikin manyan wasannin ƙarshen kakar ƙwallo, samari suna zuwa har gida, wasu roƙo wasu zagi. A bakin kasuwa ana ce mini, "Sani, hancin ƙwallo gare ka, ba na ruwa ba." Gaskiyarsu. Sau biyu na hau babur da niyyar Maiyama, na kai mararraba na juyo. A rana ta goma, da azahar, gabas ta yi baƙi.

Ban san abin da zai saura na Garba ba nan da wasu shekaru. Faifan sun fara lalacewa, majigin na tari, masu furfurar nan ɗaya bayan ɗaya za su bi shi. Ba a sa sunansa a kan titi ba, ba za a sa ba, na san garinmu. Abin da na gani da idona shi ne ya bar mutane a garuruwa uku da suka iya duban fuskar baƙo su gane kunya daga fushi, ya kuma bar wata ƙa'ida mai sauƙi da ta ɗauke ni shekara goma sha ɗaya kafin in bi. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini jinkirin.

Washegarin ruwan na bi ta bayan kasuwa da sassafe. Ƙofar na rufe, ba kowa a bakinta. Allon na manta shi a waje, ruwa ya wanke shi tas, nasa rubutun da nawa. Na tsaya ina dubansa, na ga layi tara ne fari, ba ɗaya ba. Na ɗauke shi na kai ɗaki, na ɗauki kalmena na bi mutane gona.